Ɗaki Goma Sha Ɗaya

Ni ce Azara mai atamfa a Kejetiya.
Wata tara ina zubin adashe,
ranar kwasa na hau mota zuwa Asokwa,
na zube sidi dubu shida da ɗari shida a kan tebur:
ɗaki goma sha ɗaya, kwana biyu,
Barikisu 'yar ƙanena za ta yi aure.
Yarinyar otal ta buga hatimi,
ta ce, "Mama, kin gama, je ki yi barci."
Na kuwa yi.

Alhamis da la'asar, lallen hannuna bai kama ba,
saƙo ya shigo, layi biyu kacal:
an soke ɗakunanku, a yi haƙuri.
A lokacin motar Bawku ta wuce Kintamfo
da tsofaffi bakwai, ɗaya ba ya iya tsuguno,
mutanen Yamai kuma suna bakin iyaka.

Da lallena na tafi.
Harabar ta cika da masu baƙin zane da ja,
ana kafa rumfuna, ana gwada lasifika,
hoton wani dattijo ya kai tsayin bango.
Nan na gane, mamaci ne ya fi ni kuɗi.
Ba ni da faɗa da wanda ya tafi,
shi ko ɗaki ɗaya ba ya bukata.

Manaja Oduro ya ba ni kujera da ruwan sanyi,
ya ce kwamfuta ce ta yi kuskure.
Na ce ashe ita ma ta san wanda ya ninka farashi.
Ya ce nan da mako uku za a maido kuɗi,
bayan an cire ladan aiki.
Wane aiki? Na korata?

Shekara ashirin da shida ina ciniki.
In mace ta ba ni kafin alƙalami a kan turmi,
sai in sauke shi in ɓoye.
Ko wa ya zo da ninki biyu,
turmin nan ya riga ya yi uwar gida.

Sumaila, mai ɗaukar wa lauya jaka a Adum,
ya same ni a bakin titi ina huci.
Ya ce, "Gwaggo, kar ki karɓi baki, karɓi takarda.
Su rubuta cewa su ne suka janye.
Ki nemi kuɗinki cif,
har da ƙarin da za ki biya a wani wuri.
Ki adana kowane rasit, ko na tasi ne.
In sun ƙi, akwai masu ba su lasisi, akwai kotu."
Na koma ciki, na zauna,
sai da Oduro ya sa hannu na tashi.

Ɗaki huɗu muka samu a Tafo, da tsadar tsiya.
Sauran, Aboabo ce ta buɗe ƙofa:
Fusena mai koko ta kwashe yaranta zuwa baranda,
liman ya share zaure,
Maame Serwaa ta ba da gadon ɗanta
ta hana ni ko godiya.
Tsohon da ba ya tsuguno ya kwana a ɗakina,
ni na kwana zaune a kan buhun shinkafa.

An ɗaura aure, an ci, an watse.
Bayan wasiƙa ta biyu kuɗina suka dawo, ba a cire komai ba.
Ƙarin Tafo ne suke ta ja.
Mutane na cewa, "Azara, bar wa Allah."
Na bar masa baƙin cikin,
lissafin kuwa ni ya ba wa hannu.

Talata mai zuwa muna gaban alƙali.
Rasit na cikin jakata,
da shatin babban yatsana, ja, a gefensa.